Hawan jini ga mai ɗaga ƙarfe da ke amfani da sitiroyid: matakan da zai bi

A wani lungu a Birnin Kebbi akwai filin da samari ke taruwa bayan sallar La'asar suna ɗaga ƙarfe. Kayan aikinsu haɗin gida ne: sandar ƙarfe da aka dasa wa siminti a gwangwani ta kowane gefe, da tsofaffin ƙarafan mota da mai walda ya liƙa, da bencin katako da gumi ya riga ya rina. A nan na ga wani matashi ɗan shekara 26 ya ajiye ƙarfe, ya zauna, sai jini ya fara ɗiga daga hancinsa. Ya sa tsumma ya share, ya ce da ni, "Yaya, zafin rana ne kawai." Na ɗauko na'urar awon jini da nake yawo da ita, amma maɗaurinta ya ƙi zagaye damtsensa. Washegari da muka samo babban maɗauri, ya huta, muka auna sau biyu, sai na'ura ta nuna 168 bisa 104. Makonsa tara ke nan yana yi wa kansa allurar da wani abokinsa ya kawo masa.

Ra'ayina a fili yake tun daga farko: babu maganin hawan jinin da sitiroyid ya jawo da ya kai barin sitiroyid ɗin. Amma na san akwai waɗanda ba su kai ga yanke wannan shawara ba tukuna, kuma ba daidai ba ne a bar su cikin duhu har sai ɓarin jikinsu ya shanye. Wannan jagora domin su ne, da masu horar da su, da iyalansu.

Yadda sitiroyid ke ɗaga jini

Sitiroyid mai gina tsoka shi ne testostiron, sinadarin mazantaka, da danginsa da aka sarrafa a masana'anta. A wurin samari ana saninsu da sunayen kasuwa irin su Sustanon da Deca-Durabolin na allura, da Dianabol da Anadrol na ƙwaya. Hanya ta farko da suke ɗaga jini ita ce sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, shi ya sa mutum ke ganin nauyinsa ya ƙaru cikin 'yan kwanaki, fuska ta cika, zobe ya matse yatsa, ya ɗauka tsoka ce, alhali wani kaso mai yawa ruwa ne da ya ƙara wa jijiyoyi lodi. Hanya ta biyu ita ce ingiza ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini fiye da kima, jini ya yi kauri, zuciya ta riƙa tura shi da ƙyar. Ta uku kuwa a jikin jijiyoyin take: suna yin tauri, kitse mai amfani a jini yana raguwa ƙwarai, musamman ga masu haɗiyar ƙwaya, mai cutarwa kuma yana hauhawa.

Ita ma zuciya tsoka ce, kuma maganin ba ya bambanta ta da damtse. Bangonta yana yin kauri, sannu a hankali ta kasa saki da matsewa yadda ya kamata. Wani bincike da aka buga a ƙasar Denmak a shekarar 2019 ya bi sawun maza 545 da aka samu da sitiroyid a jikinsu a gidajen motsa jiki, ya tarar yawan mace-mace a cikinsu ya ninka na sa'o'insu sau uku. Yawancin masu hawan jini ba sa jin komai, saboda haka rashin ciwon kai ko haɓo ba shaidar lafiya ba ne, haka ma faɗin ƙirji.

Mataki na farko: a auna jinin daidai

A nan ne masu ɗaga ƙarfe suka fi samun kuskure, don haka zan tsawaita. Na'urar da ake ɗaurawa a damtse ta fi ta wuyan hannu aminci. Kafin ka saya, ka ari awon tela ka auna kewayen damtsenka a tsakiya, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun yana sake. Maɗaurin da yawancin na'urori ke zuwa da shi na damtse ne mai santimita 22 zuwa 32. Idan naka ya haura 32, kana buƙatar babban maɗauri wanda ke kaiwa 42. Ƙaramin maɗauri a kan babban damtse yana nuna lamba sama da ta gaskiya, sai ka shiga firgici a banza, ko kuma, abin da ya fi muni, ka saba cewa "ai na'urar ce ba ta dace da ni ba" har ka yi watsi da hawan jini na haƙiƙa. Idan a kemis ko ƙaramin asibiti za a auna ka, ka tambayi girman maɗaurin, ba rashin ladabi ba ne.

Kada ka auna cikin minti 30 bayan motsa jiki, ko cin goro, ko shan kofi, shayi mai ƙarfi ko sigari. Ka kama ruwa tukuna idan kana jin fitsari. Ka zauna a kujera mai majingina na minti biyar, tafin ƙafa biyu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da tsayin zuciya, maɗauri a kan fata ba a kan riga ba, kuma ka yi shiru har na'ura ta gama. Ka auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, da safe kafin karin kumallo da kuma da dare kafin kwanciya, kwana bakwai a jere. Ka rubuta kowace lamba a ƙaramin littafi tare da kwanan wata da bugun zuciya, sannan ka ajiye na ranar farko gefe, ka fitar da matsakaicin sauran kwana shidan. A gefen shafi ka rubuta abin da kake sha ko kake yin allurarsa a wannan makon. Wannan littafi ya fi duk wani bayani da za ka yi wa likita da baki.

Mataki na biyu: karanta lambobin

Lambar sama ƙarfin jini ne lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Abin so shi ne kusa da 120 bisa 80 ko ƙasa da haka. A asibiti ana kiran 140 bisa 90 hawan jini idan ya maimaitu, a awon gida kuwa iyakar 135 bisa 85 ce, kuma lamba ɗaya daga cikin biyun ta isa. Idan matsakaicinka ya kai nan, ka ga likita cikin mako ɗaya ko biyu. Idan ya kai 160 bisa 100, kada ka bari makon ya fita. Idan ya kai 180 bisa 120, ka huta minti biyar ka sake awo, in bai sauka ba ka tafi asibiti a ranar.

Akwai alamomin da ba a jiran awo a kansu: ciwon ƙirji mai danna mutum, sarƙewar numfashi, matsanancin ciwon kai da ya zo farat ɗaya, dishi-dishin gani, karkacewar baki, nauyin harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa ta ɓari guda. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu a kai shi sashen gaggawa nan take, kada a tsaya shafa masa ruwa ko ba shi ƙwayar wani.

Mataki na uku: gaya wa likita gaskiya

Na san nauyin wannan. Matashi yana tsoron kada a yi masa faɗa, ko labari ya kai gida. Amma likita yana da amanar riƙe sirrin majiyyaci, kuma idan ka ɓoye masa, zai ɓata lokaci da kuɗinka yana neman musabbabi a inda babu shi. Ka tafi da kwalaben da kwalayen, ko hotunansu a waya, ka faɗi yaushe ka fara, sau nawa ka yi zagaye, wato makonnin amfani da maganin a jere kafin a huta, da duk wani abu da kake haɗawa. A Birnin Kebbi ana iya farawa daga Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko asibitin tarayya, mutanen Argungu, Jega, Yawuri da Zuru kuma daga babban asibitin garinsu, in an ga buƙatar ƙwararren likitan zuciya ko na ƙoda a tura mutum gaba, har zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Gwajin da ya kamata ka nema ya haɗa da PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a jini. Ga namiji yawanci yana tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, kuma ko a wurin masu karɓar testostiron bisa umarnin likita, in ya haura 54 ana dakatar da maganin saboda haɗarin daskarewar jini. Wani lokaci likita kan ba da umarnin a ɗebi jini a asibiti. Ƙahon wanzami ba ya maye gurbin wannan, haka kuma bai halatta mutum ya je ba da gudummawar jini yana ɓoye allurar da yake yi ba. Sai gwajin ƙoda da sinadarin fotasiyam, da gwajin fitsari domin a ga ko furotin na yoyo, da na hanta, da na kitse da sukari a jini, da awon bugun zuciya na ECG, in da hali kuma a yi hoton zuciya domin a ga kaurin bangonta. Abu ɗaya da ya kamata ka sani: sinadarin kiriyatinin da ake auna ƙoda da shi yakan yi sama ga mai tsoka da yawa ko mai shan garin ƙara ƙwanji da ake kira kiriyatin, shi ya sa gwajin fitsari ke da muhimmanci a wurinka fiye da sauran mutane.

Mataki na huɗu: sitiroyid ɗin kansa

Idan jininka ya hau, abin da ya dace shi ne a tsayar da maganin, tare da likita. Kada ka yi tsammanin lamba za ta faɗo washegari, domin allura mai maiƙo irin Deca-Durabolin tana ɗaukar makonni kafin ta bar jiki. Ka kuma shirya wa abin da ke biyo baya: jiki ya riga ya rage ƙera nasa testostiron, don haka kasala, raguwar sha'awa, ƙuncin rai da raguwar ƙwanji na iya zuwa na tsawon watanni. A wannan gaɓa ce da yawa ke komawa ruwa. Ka sanar da likita tun da wuri, kuma idan ƙuncin ya kai ga tunanin cutar da kai, ka nemi taimako a ranar, kada ka riƙe shi a ciki. Mai shirin aure ko neman haihuwa ya san cewa waɗannan magunguna suna rage maniyyi matuƙa, farfaɗowarsa kuma na iya cin shekara ko fiye.

Wanda ya ƙi bari, aƙalla kada ya ƙara adadi, kada ya haɗa iri biyu ko uku, kada ya fara sabon zagaye alhali lambobinsa suna sama. Ya kuma tuna cewa kayan da ake sayarwa a bayan fage babu tabbacin abin da ke cikin kwalbar shi ne abin da aka rubuta a jikinta.

Akwai wani ruɗani da ya yawaita a wajenmu. Ƙwayar deksametason da ake sha a matsayin maganin ƙiba ita ma ana kiranta sitiroyid, amma ba ta gina tsoka, hasali ma zaizaye ta take yi, tana kumbura fuska, tana ɗaga jini da sukari. Wanda ya daɗe yana shanta kada ya yanke ta lokaci guda, domin hakan na iya jefa shi cikin mummunan hali. Likita ne zai rage masa a hankali.

Mataki na biyar: abin da ke shiga baki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin abinci. Mai ɗaga ƙarfe yana cin ninkin abincin sauran mutane, saboda haka gishirinsa ma ninki ne ko da bai barbaɗa ko ƙwaya ba. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Ka lissafa wanda ke cikin miyar rana da ta dare, da yajin tsire da kilishi, da ƙullin ɗanɗanon taliyar leda da ake haɗawa da ƙwai a wurin mai shayi, da burodi, za ka ga an wuce iyaka tun kafin Magariba. Kanwa ma sinadarin sodiyam ne a cikinta, irin wanda ke cikin gishiri, don haka kunun kanwa da waken da aka zabga wa kanwa suna cikin lissafi.

Gyaran ba ya buƙatar abincin waje. Ɗanyen kifin Yawuri da Argungu, wake, ƙwai, nono, gyaɗar da ba a sa wa gishiri ba, duk suna ba da furotin. A roƙi mai girki, uwa ce ko mata, ta rage magi zuwa rabi ta ƙara albasa, tafarnuwa, citta da ɗan daddawa, cikin makonni kaɗan harshe zai saba. Zogale, alayyahu, rama, dankalin Hausa da ayaba suna da fotasiyam mai taimakawa wajen sauke jini, sai dai mai matsalar ƙoda ya tambayi likita kafin ya yawaita su. Zoɓo marar sukari yana ɗan rage jini, amma bai kai ya tsaya a madadin magani ba.

Sai abubuwan da ke ƙara wa wuta fetur: lemon ƙara kuzari na gwangwani, garin da ake kaɗawa kafin atisaye wanda ke cike da kafeyin, goro da yawa, sigari, shisha, giya, da ƙwayoyin ƙona kitse irin su kilenbutarol. Wanda aka fi mantawa shi ne maganin ciwon gaɓoɓi. Diklofenak da ibufirofen, waɗanda samari ke haɗiya kullum saboda kafaɗa da gwiwa, suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, suna kuma cutar da ƙoda. Farasitamol a ƙa'idarsa ya fi sauƙi, ciwon da ya ƙi tafiya kuma a kai shi a duba.

Mataki na shida: sauya salon atisaye

A shekarar 1985 masu bincike a Kanada sun auna jinin 'yan ɗaga ƙarfe kai tsaye daga cikin jijiya yayin da suke tura nauyi da ƙafafu, suka ga ya kai 480 bisa 350 a jikin mutum ɗaya. Wannan hawa na daƙiƙoƙi ne, lafiyayyar jijiya tana jure shi, amma wadda ta riga ta yi tauri tana cikin haɗari. Babban abin da ke jawo shi shi ne riƙe numfashi da yunƙuri. Ka fitar da numfashi lokacin turawa, ka shaƙa lokacin saukewa. Har sai jininka ya daidaita, ka bar gwada iyakar ƙarfinka, ka ɗauki nauyin da za ka iya maimaitawa sau 10 zuwa 15, ka tsaya kafin ka gaza. Ranar da awon hutunka ya kai 180 bisa 110 kada ka taɓa ƙarfe. Ka ƙara tafiyar sauri, keke ko sassarfa na aƙalla minti 150 a mako, bayan Asuba ko dab da Magariba, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40.

Ka tambayi matarka ko abokin ɗakinka ko kana minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa. Kaurin wuya da testostiron suna tsananta wannan matsala, ita kuma tana hana jini sauka ko ana shan magani.

Mataki na bakwai: maganin hawan jini

Likita ne zai zaɓa, amma sanin dalili yana sa mutum ya dage. Ga baƙar fata, amlodifin yakan yi aiki sosai, kuma ba ya rage ƙarfin atisaye, illarsa da aka fi gani kumburin idon sawu ne. Wani gwaji da aka buga a 2019, wanda Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a kan mutum 728 a ƙasashen Afirka shida, ya nuna haɗin magani biyu da ke da amlodifin a ciki ya fi wanda babu shi sauke jini. Idan an ga furotin a fitsari ko kaurin zuciya, likita kan haɗa da losatan, telmisatan ko lisinofiril, sannan a sake gwajin ƙoda da fotasiyam bayan mako ɗaya ko biyu. Lisinofiril yakan jawo busasshen tari, idan kuma leɓe ko harshe ya kumbura a daina shi a garzaya asibiti.

Maganin sa fitsari yana buƙatar taka tsantsan a wurin mai kaurin jini da ke zubar da gumi a zafinmu. Ina jan kunne da babbar murya game da Lasix, wani maganin sa fitsari da wasu ke sha domin tsoka ta fito zara-zara kafin gasa ko ɗaukar hoto: yana kwashe ruwa da fotasiyam har bugun zuciya ya rikice, kuma yana cikin abubuwan da aka haramta a wasanni. Kada ka ari maganin mahaifinka, kada ka sha sai ranar da kanka ke ciwo, kada kuma ka daina don lamba ta yi kyau, domin maganin ne ya sa ta yi kyau. Ƙwayar tana gyara lambar da na'ura ke nunawa, amma ba ta hana sitiroyid ci gaba da taɓa tsokar zuciya da kitsen jini, don haka ba lasisin ci gaba da allura ba ce.

Kafin azumin Ramadan ka koma wurin likita ya tsara maka lokacin sha, ko da sahur ko bayan buɗa baki, musamman idan akwai maganin sa fitsari a ciki, sannan ka mayar da atisaye bayan shan ruwa. Bayan fara magani ko sauya shi, ka koma da littafinka cikin mako huɗu. Idan ka bar sitiroyid, ka maimaita awon kwana bakwai kowane wata, ka sake PCV da gwajin kitse bayan wata uku. Wasu jininsu kan sauka har likita ya rage musu magani ko ya janye shi, wasu kuma, musamman masu gadon hawan jini a gida, za su ci gaba da sha, kuma lambobin da ke cikin littafin ne za su nuna wa likita ɓangaren da kake.